Zuwa ga Aminiyata Mai Goyo a Fatakwal

Argungu, Jihar Kebbi.

Aminiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara, musamman takwarata wadda har yau a hoto kawai na san ta. Allah Ya raya ta, Ya sa mai albarka ce, Ya ƙara miki lafiyar shayarwa. Mutanen gida duk suna lafiya. Inna kuwa ba ta daina mitar cewa kin yi jego a nesa ba, ba ta samu ta tsaya a kan wankanki da hannunta ba.

Dogon saƙonki ya iso, kuma da gangan na ƙi amsa shi ta waya, domin ina so ki karanta amsar a natse, ki ajiye ta, ki sake dubawa duk ranar da zuciya ta yi miki nauyi. Kin ce takwarata ta shiga wata na huɗu amma cikinki bai koma ba, har wata maƙwabciyarki ta tambaye ki ko kwanika kika yi. Kin ce gashinki yana biyo mataji, nankarwa ta zane miki ciki da cinyoyi, fuskarki ta yi duhu, ɗinkunan da kike sawa bara sun ƙi shiga. Saboda haka kin yanke abincin dare, kin sayi shayin rage tumbi, kina kuma shawarar sayen wani man ƙara haske da ake tallatawa a Instagram. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba kamar maganarki ta ƙarshe, inda kika ce idan kin ga hotunan matan da suka haihu bayanki sai ki ji kamar ke kaɗai ce haihuwa ta lalata.

Bari in fara da abin da aikin ɗakin awo da ɗakin haihuwa ya koya mini, domin mafi yawan abubuwan da kika lissafa hanya ce da jikin kowace mai haihuwa yake bi. A ranar haihuwa nauyin mahaifa yakan kai kusan kilo 1, sa'annan ta dinga tsukewa a hankali har kimanin mako 6 kafin ta koma ƙasa da giram 100, wanda ya yi daidai da kwana arba'in ɗin da iyayenmu suka ware wa mai jego tun ba su san ma'aunin asibiti ba. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 a tsawon goyon ciki, alhali abin da ke fita a ɗakin haihuwa, wato jariri da mabiyiya da ruwa, bai wuce kilo 5 ko 6 ba. Sauran ruwa ne da jini da kitsen da jiki ya tanada domin nono, kuma yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda yana sauka, a wasu matan ma wani abu ya zauna ke nan.

Shi tumbin da ya fi damun ki, ba lallai ba ne kitse ne. Akwai jeren nama guda biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, waɗanda suke buɗewa su ba ciki wuri, kuma a mata da yawa sukan yi watanni ba su haɗe ba. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyinki, ki ɗan ɗago kai, sa'annan ki taɓa saman cibiya da yatsunki. Idan kin ji rami wanda faɗinsa ya wuce yatsu biyu, ki gaya wa likita ya tura ki sashen gashin ƙashi da motsa jiki, za su koya miki atisayen da ya dace. Babu shayin da zai haɗe naman da ya buɗe. Zubar gashi kuwa, sinadarin istirojin ne ya yi yawa lokacin ciki ya riƙe gashin da ya kamata ya zube, da ya sauka bayan haihuwa sai duk suka taho lokaci guda. Abin yakan yi tsanani a wata na uku zuwa na huɗu, wato daidai inda kike, kuma yawanci kafin yaro ya shekara kai ya sake cika. Duhun fuska da baƙin layin da ya ratsa ciki sukan dushe da kansu, sai dai rana tana ƙara wa na fuska ƙarfi. Nankarwa ce kaɗai ba zan yi miki alkawari a kanta ba: tana kodewa har sai an matso kusa a gan ta, amma ba a samu man da aka tabbatar yana goge ta ba, ko da mai sayarwa ta rantse.

Yanzu sai maganar hotuna. A bara na halarci sunan wata 'yar uwarmu a Birnin Kebbi, haihuwar fari ce, kuma an yi mata ƙari an ɗinke. Tun da hantsi mai kwalliya ta iso da akwatinta, aka zaunar da yarinyar a kujera ta karkace gefe guda saboda ɗinkin, aka yi ta shafa mata hoda daga goshi har wuya da bayan hannu, aka manna mata gashin ido, aka naɗa mata ɗauri. Kafin ta sa leshi sai da mata biyu suka ja bel ɗin ɗaure ciki, ɗaya tana ce mata ta riƙe numfashi. Jaririn yana ta tsala kuka a hannun kakarsa, an hana a ba shi nono kada riga ta ɓaci. Mai hoto ya ce ta juya kafaɗa, ta ɗaga haɓa, ta kare mara da jakar hannu. Ya ɗauka ya ɗauka, aka zaɓi biyu, ya zauna da kwamfutarsa ya rage mata ƙugu ya ƙara mata haske. Da la'asar na same ta a ɗaki ta kwance bel ɗin, nono ya cika ya yi tauri, tana hawaye tana cewa bayanta zai ɓalle. A daidai wannan lokaci hoton yana yawo a WhatsApp, mata suna rubuta cewa Masha Allah, kamar ba ita ta haihu ba. Irin wannan hoton kike gwada kanki da shi da tsakar dare kina zaune da ɗaurin ƙirji kina shayarwa, alhali ita kanta mai hoton ba ta kamo ƙafarsa ba.

Kada ki ɗauka raunin zuciyarki ne ya sa abin yake taɓa ki. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, wanda shi ne mai Instagram, inda bincikensu na kansu ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi idan an sauya surar wadda aka ɗauka, Norway ma ta kafa doka irin wannan wadda ta shafi har masu talla a shafukansu. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Fiji, ƙasar da a al'adarta mace mai jiki ake yabo. Talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995, kuma a binciken da Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta yi wa 'yan matan makaranta a can, a shekarar farko babu ko ɗaya da ta ce tana sa kanta amai domin ta rame, amma zuwa 1998 kashi 11 cikin 100 sun ce sun yi. Shekara 3 kacal, kuma talabijin ce da ake taruwa a kalla a kashe. Mu tamu tana ƙarƙashin matashin kai, ita muke fara dubawa bayan sallar asuba.

Ba na cewa waya ce ta fara kawo mana wannan ma'auni. Kin tuna littattafan soyayyar da muke ɓoyewa cikin littafin lissafi a makarantar kwana, yadda kusan kowace tauraruwa take zuwa fara, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, ga kuma finafinan Indiya da muka tashi da su. Amma waccan tauraruwar budurwa ce, kuma labarin yakan ƙare da biki, ba wanda ya ce mana ga yadda take bayan haihuwa ta uku. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne ana neman uwa ta koma surar da ko budurwa ba ta da ita: ƙugu da ƙirji su cika, ciki ya lafe, hannu ya sirance, fata ta yi fari. Jiki idan zai yi ƙiba ba ya tambayar inda ake so ya ajiye ta, idan zai rame ma haka. Surar da ake nuna miki ana haɗa ta ne da ciko, da bel, da filta, masu kuɗi kuma da tiyatar ɗebe kitsen ciki a zuba a baya, wadda take cikin tiyatocin kwalliya mafi hatsari domin kitse na iya shiga jijiya ya toshe huhu.

Ki kuma saurari yadda masu kayan gyaran jiki suke talla a namu shafukan. Da wuya ki ji sun ce ki saya domin ki ji daɗin jikinki. Cewa suke yi uwargida ki farka, 'yan mata suna waje sun shirya, idan ba ki gyara ba amarya tana tafe. Tsoron kishiya shi ne jarinsu, kuma sun san babu lokacin da wannan tsoro yake kama mace kamar lokacin da take goyo, ba barci, ba kwalliya, tana warin nono. Wadda take samun abinci da fargabarki ba za ta taɓa ce miki ki jira wata 6 abin zai wuce da kansa ba, domin ranar da kika yarda da haka ta rasa ciniki.

Sakamakon wannan ciniki mu yake zo wa a asibiti. Kwanakin baya wata yarinya mai goyo ta zo da ciwon kai da yawan fitsari, fuskarta ta yi zagaye ta kumbura, wuyanta ya yi tozo, ciki ya fito, amma ƙafafu da hannuwa sun tsotse. Da aka auna, jini ya hau, suga ya hau. Sai da muka lallashe ta ta buɗe jaka ta fito da ƙullin leda mai ƙananan ƙwayoyi farare, babu kwali babu suna, ta ce sha-ka-fashe ne, ta rame da shayarwa har dangin miji suna cewa kamar ba a ba ta abinci. Irin waɗannan ƙwayoyi sau da yawa deksametason ne, wani lokaci a haɗa shi da sifiroheftadin mai buɗe ciki da sa barci. Ƙibar da deksametason ke kawowa ta ciwo ce, tana zuwa da hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa lokaci guda, sai likita ya dinga ragewa a hankali. Ki duba fa: ita tana shan guba domin ta kai inda kike, ke kuma kina kwana da yunwa domin ki kai inda take.

Man da kike shawarar saye kuwa, ina roƙon ki da girman Allah ki bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Abin da ake zubawa a yawancinsu haidirokwinon ne, ko sitiroyid mai ƙarfi, ko zaiba, kuma waɗanda ake haɗawa a gida a ɗura a roba a manna musu sunan sabulun amare ko haɗin gargajiya su ne suka fi ban tsoro, domin babu mai sanin abin da ke ciki. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, tana lalata ƙoda, tana kuma bin nono ta isa ga jariri, ban da abin da zai shafa a kumatunsa duk lokacin da kika rungume shi. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore, rauni ya ƙi warkewa. Mun sha wahala da ɗinkin tiyatar haihuwa a kan irin wannan fata. Haidirokwinon kuma idan an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabon da ya fi wanda aka gudu muni, kuma shi ba ya jin magani da sauƙi.

Shayin ma ki ajiye shi. Da yawansu ganyen dangin filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suke sha domin wankin ciki, saboda haka abin da kike gani ya ragu a ma'auni ruwa ne, gobe zai dawo. An kuma sha kama kayan rage ƙiba da aka ɓoye sibutiramin a cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kimanin kalori 500 a kowace rana, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A cikin wannan hali, ga yara biyu kina bi, ga jaririya a nono, yanke abincin dare ba dabara ba ce. Idan rage nauyi kike so, ki rage lemon kwalba da suga da soye-soye, ki yawaita wake da ƙwai da zogale da kifi, wanda ba ku rasa shi a can ba, ki goya takwarata ki taka da yamma. Bel ɗin ba laifi ki ɗaura shi sako-sako idan yana tallafa miki baya, kamar yadda iyayenmu suke ɗaure ciki da zane, amma ba ya narkar da kitse, kuma idan an tamke shi yana danna mara ƙasa har mace ta fara ɗigar fitsari idan ta yi tari.

Na san Inna za ta ce duk wannan rashin wankan gida ne, da kin zo da an gasa ki da ruwan zafi da ganyen darbejiya, an ɗura miki kunun kanwa da ƙauri da naman ragon suna, kin koma ɗakinki kin yi ɓulɓul. Ina ba ta gaskiya a rabi. Tsarin da ya ba mace kwana arba'in ba ta daka ba ta ɗebo ruwa, ana dafa mata ana riƙe mata jariri, kuma yabon da ake yi mata shi ne jego ya karɓe ta, ya fi wanda yake neman ta tsaya gaban mai hoto a kwana na bakwai tausayi nesa ba kusa ba. Amma shi ma yana da nasa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a tsakanin matanmu, kusan 1 cikin haihuwa 100, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta, ko da yake binciken baya ya nuna talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki su ma suna da hannu. Kuma ramammiyar mai jego a wancan zamani ita ma ta sha gori. Hutun da abincin da hannun dangi su ne abin da ya kamata mu riƙe, su ne kuma kika rasa a can, shi ya sa kike ɗaukar gajiya a matsayin muni.

Saura maganar angon ƙarni. Kin ce da wasa yake tambayar ki wannan tumbin sai yaushe zai tafi, kina dariya a gabansa, ki shiga kewaye ki yi kuka. Na san shi, ba mugun mutum ba ne, amma shi ma wayar nan tana hannunsa, kuma idonsa yana sabawa da abin da ake nuna masa kamar yadda naki yake sabawa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi yara sun yi barci, ki gaya masa a fili cewa wannan wasa yana yi miki ciwo, domin maza da yawa ba sa ganewa sai an faɗa musu baro-baro. Idan kin ga dama ki ba shi wannan takarda ya karanta, ni na ɗauki laifin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda yake murna ana ce masa baban wance ya san ba daga sama wance ta faɗo ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci ɗaukar ciki a matsayin rauni a kan rauni, ya kuma ambaci shayarwa ta shekara biyu ga wanda ya so cikawa. Wannan aikin kike tsakiyar yi. Idan nono yake tunani, ki sanar da shi cewa binciken likitoci ya fi ɗora zubewarsa a kan cikin kansa da yawan haihuwa da shekaru, ba a kan shayarwa ba, saboda haka yaye da wuri ba zai tayar da komai ba, jaririya kawai za a cuta. Kwalliya kuwa ban hana ki ba, ke da na sani da lalle da dilka da turaren wuta. Ki yi abinki, ki kai atamfa wurin tela ya auna jikin da kike da shi yau, ki daina azabtar da kanki da rigunan bara.

Akwai abu guda da nake so ki amsa mini da gaskiya. Kin ambaci kuka har sau da yawa a saƙonki, kin kuma ce ko jaririya ta yi barci ke ba kya iya runtsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe irin namu abin ya kusa kashi 20. Sau da yawa da ƙin jinin madubi yake fara bayyana. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, ko kin daina jin daɗin abin da kike so a da, ko wani mugun tunani yana zo miki game da kanki ko yarinyar, ki gaya wa likita a ranar, kada ki jira ranar rigakafi. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani wanda ba ya hana shayarwa.

Akwai mai zuwa Fatakwal bayan sallah, zan ba shi yaji da daddawa da busasshen kifin Yawuri ya kawo miki, Inna kuma ta ce za ta ƙara da kuka da kuɓewa. Kafin nan ki ɗauki hoton bayan kwalin shayin nan, wurin da aka rubuta abin da ke ciki, ki turo mini, ki kuma sa a auna miki jini da hawan jini idan kin kai takwarata asibiti. Ki gaishe mini da maigida da kyau, ki shafa mini kan yara.

Wassalam.

Taki har kullum,
Aminiyarki.